Shekarar da Muka Binne Jan Iri

Watan bakwai na manoma ya kama, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Da safe in fita bakin darni in dubi gabas, in dawo in share tsakar gidan da na riga na share. In ɗauko ƙwaryar iri in buɗe, in sa hannu, in rufe. Wannan ce damina ta farko da za ta same ni babu mai gida. Ya rasu bara bayan an gama ɗaurin dammuna, Allah Ya jiƙansa, ni kuma na fita takaba da shigowar zafi. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuma zan fara yanzu a kan takarda ba. Mutanen gari Dogo suke ce masa.

Irin da ke cikin ƙwaryar shi ya zaɓe shi da hannunsa, zangarniya zangarniya, kafin ciwon ya kwantar da shi.

Ɗana Abdu, wanda ke ɗinki a kasuwar Filinge, ya kira ni a waya.

"Inna, kada ki taɓa gonar nan. Rediyo ta ce ruwa da saura. In anka yi ruwan shuka ina zuwa da yara mu gama ta."

Na ce masa to. Na ajiye wayar na sake fita bakin darni.

Jikata Nafisa tana kolej a Filinge, takan zo ta kwana wurina ƙarshen mako tun da aka yi rasuwar. Ranar Jumma'a da la'asar tana zaune gindin itacen bedi tana haddar Ingilishi don jarrabawa, tana maimaita kalmomi kamar mai tauna tsakuwa. Ni lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma na san haruffa, daga baya kuma na yi karatun manya na koyi rubuta Hausa. Na zauna kusa da ita, na share rairayi da tafin hannu, na rubuta kalma biyu da yatsa: seed a sama, feed a ƙasa.

Ta leƙo, ta kwashe da dariya.

"Kai, Kaka! Ina kika samo Ingilishi? Ko angona ne ya koya miki a ɓoye?"

Haka take kiran kakanta, shi kuma ya ce mata amarya.

"Bar zancen angonki. Gaya min dai, kalma guda ta ko biyu?"

"Biyu mana. Ta sama iri ke nan, wanda ake shukawa. Ta ƙasa ciyarwa, ko abincin da ake ba dabbobi. A ina kika gan su?"

"A jikin buhu," na ce mata.

Shekaru da yawa ina zaton kalma ɗaya ce, mai bugawa ne hannunsa ya karkace a harafin farko. Buhunan biyu sun daɗe a gidan nan. Ɗaya labulen ƙofata ne har ya zama zare, ɗaya muna shanya kuɓewa a kansa. Kullum ina ganin rubutun, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba, ko kuwa ban so in tambaya ba.

Shekarar da buhunan suka zo, uwar Nafisa ba ta daɗe da yaye ba. Ita ce ta fari a wurina, don haka ba na faɗin sunanta na yanka, Ladi muke ce mata. Daminar da ta gabata ta yanke tun hatsi bai fid da kai ba. Karan ya tsaya iyakar gwiwa ya yi fari, iska tana kaɗa shi yana ƙara kamar takarda. Abin da muka kwaso daga gonar bai rufe gindin rumbu ba. Shanun garin suka bi makiyaya kudu, waɗanda suka rage suka kwanta ɗaya bayan ɗaya a hanyar rijiya. Samari suka tafi kurmi neman abin da za su aiko. Mai gida bai tafi ba, don babu wanda zai bar mu a hannunsa.

Kafin zafi ya tsananta mun cinye har irin da ya rataye a ɗakinsa. Ba mu kaɗai ba, duk garin haka.

Daga nan sai anza. Wanda bai san ta ba, wani ɗan itace ne da ba ya bushewa ko an yi fari, 'ya'yansa ƙanana kamar wake, da ɗaci wanda zai juya wa mutum ciki. Ba a cin ta sai an jiƙa. Tun asuba mu mata mu hau tudu mu tsinko, mu fasa, mu shanya, sa'annan mu zuba a tukunya mu cika da ruwa. Kullum a zubar da ruwan a sake sabo, a ɗanɗana a tofar, har ranar da harshe ya ce ɗacin ya fita. Uwayenmu suka koya mana, su ma nasu suka koya musu. Mun taso da sanin cewa abin da ke kisa, in ya sha ruwa ya isa, yakan zama abinci. Wahalar ita ce ruwan. Rijiya ta yi nisa ƙasa, igiya tana cin hannu, ga shi ba mu da ƙarfin ja.

Tare da Mariyama muke zuwa tudu. Darni ɗaya ya raba gidajenmu. 'Yar wajen Bonkuku ce, Hausarta da ɗanɗanon Zabarmanci, ba ta iya gaisuwa ba sai ta ce fofo. Ko ranar da ba mu samo komai ba sai ta sa na yi dariya. Takan ɗaga zanenta da ya yi mata yawa ta ce, "Dije, dubi, na koma budurwa. Bari in je Tabla ranar kasuwa a sake neman aurena."

Ana cikin haka wata babbar mota ta taimako ta tsaya ƙofar mai gari. Buhu iri biyu aka sauke, girma ɗaya, launi ɗaya, da manyan haruffa baƙaƙe. Aka kira mushen lekol, malamin makarantar boko, ya karanta. Ya duba ya ce wannan Ingilishi ne, shi Faransanci aka koya masa, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Mutumin da ya zo da motar shi ya yi bayani. Ya farke buhu ɗaya, dusar alkama ce, ya ce wannan ta dabbobi ce. Wani tsoho a bayana ya ce, "To ga mu, ɗan nan, mu munka rage." Mutane suka yi dariyar da ba ta da sauti. Ya farke ɗayan, hatsi ne, ƙwaya cikakkiya mai kyau, amma jajawur kamar an tsoma ta a lalle. Ya ce iri ne, an shafa masa magani don tururuwa da ɓera, ba a ci, wanda ya taɓa ma ya wanke hannu. Ya maimaita har muryarsa ta dushe. Babu wanda bai ji ba.

Aka auna wa kowane gida da kwanon tiya. Mai gida ya zuba rabonmu na jan iri a burgami ya rataye a inda irinmu na da yake.

Dusar muka ci. Tuwonta ba ya haɗuwa, yana karce maƙogwaro, in ka ci kamar ka cika ciki da ƙaiƙayi. Ladi takan karɓa ta riƙe a baki ta ƙi haɗiyewa. Duk da haka ranar da na kakkaɓe buhun na ga ba saura, sai da na zauna a ƙasa. Sama kuwa fari fat. Da rana zafi yakan sauko har ƙadangaru su ɓuya, garin ya yi tsit, babu turmin da ke ƙara ko'ina. Ban taɓa sanin ƙarar daka ita ke sa gari ya zama gari ba sai da ta ɗauke.

Wata safiya na ji turmi a gidan Mariyama.

Ta leƙo ta saman darni, ta miƙo min tafin hannunta. Hatsi ne fari tas.

"Ina kika samu?"

"Inda kowa ya samu. Na jiƙa shi kamar anza. Ruwan farko ja kamar an yanka rago, na zubar. Ina ta sakewa har ruwan ya fito garau. Dije, anza da ke da ɗaci tun daga uwatta ta ji ruwa ta saki, bale wanga da anka shafa mai a baya?"

"Kin ba yara?"

"Tukuna. Da akwai kaza da na gwada da ita. Babu kaza, to ni ce kazar. Na sha kununsa shekaranjiya, na sha jiya. Dube ni, mi ya same ni?"

Ta juya ta yi 'yar rawa da ƙugunta. Babu abin da ya same ta. Idonta ma ya fi nawa haske.

Ranar na jawo ruwa fiye da kullum. Na wanke babbar tukunya na cika ta. Da mai gida ya dawo daga masallaci bayan la'asar, na tare shi a ƙofar ɗakinsa.

"Malam, sauko min da burgamin."

"Ba a cin shi."

"Mariyama ta ci."

"Na ji."

"Ga ta can tana daka, lahiya lau."

"Allah shi ƙara mata lahiya. Ba a cin shi."

Na kwance Ladi daga bayana na ajiye ta a gabansa. Akwai wani ɗan warwaro da kakarta ta sa mata a wuyan hannu, lokacin ya zame har ya wuce gwiwar hannun. Na ce, "To kai ka gaya mata."

Ya durƙusa ya ɗauke ta. Ya daɗe yana mayar da warwaron wurinsa da yatsa, yana sake zamewa.

"In munka ci shi, Dije, ranar da ruwa ya zo mi za mu sa a ƙasa?"

"Ban san ranar da ruwa za shi zo ba. Na san yau."

Na zaci ya yarda. Sai ya ce, "Ba ke nika tsoro ba. Kaina nika tsoro. In irin ga ya ƙara kwana cikin gidan ga, ni da hannuna zan miƙo miki shi."

Da gari ya waye babu shi, babu burgami, babu sungumi.

Binne ya tafi yi. Shuka ce da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta cikin rairayi yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In yayyafi ne, ya jiƙa irin ya tsiro sa'annan rana ta ƙone shi, to an yi asara duka. Masu yin ta sukan rage wani abu a gida don sake shuka. Shi bai rage ko ƙwaya ba.

A ƙasarmu shuka aikin mutum biyu ne. Namiji yana gaba da sungumi, kowane taku ya sari ƙasa, mace tana biye da ƙwarya, ta jefa iri da yatsu uku ta rufe da diddige. Tun shekarar da aka kawo ni nake bin bayansa. Takunsa dogo ne, ni kuwa gajera. Daminarmu ta farko na ce masa ya rage taku, ba na iya kaiwa, bai ko waiwayo ba ya ce, "Kya saba."

Ran nan na ƙi bin sa. Na zauna kusa da tukunyar da na cika da ruwa. Mariyama ta leƙo ta ce, "Mijinki ya ba ƙasa abin da ya hana ɗiyatai. Masu wucewa na tambayarsa ko ya ga ruwa a mafarki." Da ta ga fuskata ta daina wasan, ta ce in na so ta ɗibar wa Ladi kunu. Na ce bari tukuna. Har yau ban san abin da ya sa na ce haka ba. Ina jin fushi ne kawai, ba na son karɓar komai daga hannun kowa.

Da hantsi na ɗauki ruwa na kai masa, don babu wani abin kaiwa. Na tarar da shi yana aikin mutum biyu: ya sari layi har ƙarshe, ya ajiye sungumi, ya dawo ya ɗauki ƙwarya ya bi ramukan, rabinsu rairayi ya riga ya cike su. Layukansa da aka sani kamar an ja da igiya sun karkace. Hannuwansa ja har wuyan hannu. Ya sha ruwan a tsaye, yana dogare da sungumi don kada ya faɗi.

Na gyara goyon Ladi na ɗauki ƙwaryar. Ba don na yarda ba. Na ga dai in na bar shi a gonar nan za a ɗauko shi. Ya ɗauki sungumi ya shiga gaba. Rairayin yana ƙona tafin ƙafa kamar toka mai wuta. Duk tsungulin da na jefa ina ganin ludayin kunu ne nake rufewa da diddigena. Haka muka yi safiya bayan safiya har burgamin ya ƙare, ba mu ce wa juna uffan ba.

Sa'annan jira. Ban san wahalar da ta kai ta ba. Da irin yana rataye, ko ba komai ina iya kallonsa. Yanzu yana cikin ƙasa, ga yunwa a gida, ga sama babu ko gizagizai. Muka koma anza da tonon gidan tururuwa, muna kwashe 'yan ƙwayoyin ciyawar da suka tara. Na sayar da tasoshin aurena a kasuwar Filinge na sayo ɗan hatsin da Ladi kaɗai ake dama wa. Sau da yawa hadari yakan haɗu a gabas da yamma, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe darni, mu fito da tukwane, sai ya watse ba ɗigo.

A cikin kwanakin nan ne Mariyama ta fara cewa harshenta ya yi nauyi. Muna kan tudu ƙwarya ta faɗi daga hannunta, ta sunkuya ta kasa kamawa, yatsunta suna kaɗawa. Ta ce, "Dije, kazar taku ta fara layi." Ba ta riga ta ba yaranta ba, tana ta cewa sai ta ƙara gwadawa. Aka samu amalanke aka kai ta likita a Filinge. Ba ta dawo ba. Akwai gidajen da suka jiƙa suka ci, ciwon ciki kawai suka yi suka tashi. Ko maganin ne ya ɗauke ta, ko yunwa, ko kwana ne ya ƙare, Allah Ya sani. Ni dai tun daga ranar ban ƙara jin an ce fofo ba ban waiwaya ba.

Bayan an share makokinta aka yi yayyafi, abin da muke tsoro. Ɗan kaɗan ne, ya tayar da ƙamshin ƙasa ya tsaya. Muka ruga gona ni da mai gida, muka durƙusa muna tona da yatsa don mu ga ko laima ta kai ga irin. Ba ta kai ba. Na zaro ƙwaya ɗaya, tana nan ja, busasshiya, ko tururuwa ba ta taɓa ta ba. Na mayar da ita na rufe. Maganar farko da na yi masa ke nan tun ranar tukunya, na ce, "Tana nan." Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ruwan gaske ya zo da azahar, wata rana da ba mu ma dubi gabas ba. Ya zuba har kwari ya kawo. Na tsaya a tsakar gida da Ladi a hannu, ruwa yana dukanmu, tana buɗe baki tana lasa. Kafin masu neman iri su gama zagaya dangi har Sanam, gonarmu ta yi kore, tsiro siriri kamar allura a kan layukan nan karkatattu.

Yunwa ba ta tafi ranar ba. Noman farko da ciki wofi aka yi shi, mutum ya tura hauya ya tsaya ya huta a kanta. Amma tafasa ta fito, da yaɗiya, muka dafa ganye. Lokacin cira, wato rage tsiron da ya yi yawa a rami, maimakon mu zubar da abin da muka cire, na ɗaure shi a ƙwarya na kai gonar mijin Mariyama, don ba shi da abin shukawa. Ni da 'yarta babba muka dasa. Da hatsi ya fid da kai, mai gida ya karyo zangarniyar farko ya gasa tumu, ya murje a tafinsa ya hure, ya ba Ladi. Sai ya miƙo min sauran. Ba mu taɓa tayar da zancen burgamin ba har ya bar duniya. Amma kowace shekara, ko rumbu cike yake, sai ya yi binne a gefen gonar nan ta tudu, ni kuma ina biye.

Yanzu akwai shinkafa da taliya a kanti ko da rani, akwai waya, akwai rediyo mai faɗin ranar ruwa. Abdu yana da gaskiya, babu abin da ya kore ni. Na faɗa wa kaina haka ranar Jumma'a da Nafisa ta koma kan karatunta, iska kuma ta share abin da na rubuta a ƙasa.

Da asubar Asabar na tashe ta.

"Amarya, ɗauki ƙwaryar can."

"Kaka, Kawu Abdu fa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Rabi za mu sa, rabi na nan. Uwarki ta taɓa zuwa wagga shuka goye a bayana, ke ma ki zo ki gani."

Na shiga ɗakinsa na ɗauko sungumin. Ƙotar ta yi baƙi a inda hannunsa yake kamawa, wurin ya fi ƙarfin tsawona, sai na riƙe ƙasa da shi. Ban taɓa shiga gaba ba. A bakin gona na nuna wa Nafisa yadda ake tsungula da yatsu uku, da yadda ake rufewa da diddige, ta cire takalmanta tana ƙorafin rairayi. Na yi bisimilla na sari ƙasa.

Ban yi nisa ba wayar ta fara ƙara a ƙullin zanena. Na bar ta. Gabas babu komai sai rana da ke fitowa. Ina sara ina tafiya, sai na ji muryarta a baya, tana haki.

"Kaka! Rage taku mana, ba na iya kaiwa. Ke da kike gajera, ina kika samo wannan taku?"

Na tsaya na waiwaya. Ramukan sun jeru a bayana, tsakaninsu da nisa, daidai yadda yake yin su.

Na juya na ɗaga sungumin.

"Kya saba," na ce mata.